Fayif ɗin Birki da Mahaɗansa: Abin da Ya Dace a Saka wa Mota da Abin da Bai Dace Ba

A ƙarƙashin kowace ƙaramar mota da bas ɗin haya akwai wasu siraran bututun ƙarfe da suka tashi daga gaban direba suka bi cikin motar har zuwa ƙafafunta huɗu, kuma su ne bakanikai ke kira fayif ɗin birki. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura fistin da ke cikin masta, wato famfon da ke ƙarƙashin ɗan tankin man birki, fistin ya matsa man, matsin kuma ya bi ta cikin waɗannan bututu ya isa tayoyi, inda yake danna fad a jikin faifan ƙarfe ko ya buɗa takalman birki a cikin ganga. Tsarin ya ginu ne a kan ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle a cikin mazubi yana isar da matsin da aka yi masa zuwa kowane sashe ba tare da ragi ba, kuma a kanta ake tafiya tun 1921, lokacin da kamfanin Duesenberg na Amurka ya fito da motar fasinja mai birkin mai a ƙafa huɗu. Sharaɗin ƙa'idar shi ne man ya kasance a kulle, domin da zarar ya sami kafar fita komai ƙanƙantarta, ƙarfin ƙafar direba zai ƙare a ƙasa maimakon ya isa taya.

Girman wannan matsi abu ne da yawancin masu motoci ba su taɓa kawo shi a ransu ba. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iskar da ba ta wuce 30 zuwa 35 ba a ma'aunin psi, wato ma'aunin da mai faci ke dubawa idan yana ba taya iska, alhali kuwa man da ke cikin fayif yakan kai ɗaruruwa a takun yau da kullum, ya haura 1,000 idan an taka da ƙarfi, har ya doshi 2,000 a takun firgita, irin wanda direba ke yi idan yaro ko dabba ya faɗo masa titi ba zato. A nan ne haɗarin gyaran ganganci yake ɓuya, domin mahaɗin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya jure takun gwaji a gareji, ya jure zirga-zirgar cikin gari wata da watanni ba tare da ɗigon mai ko ɗaya ba, sai ranar da aka fi bukatarsa ya saki. Saboda haka maganar da aka saba sallamar mai mota da ita, cewa ga shi nan ba ya yoyo, ba ta isa hujjar cewa aikin ya yi ba. Gaskiya ne cewa tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota gida biyu, ta yadda idan layi ɗaya ya fashe ɗayan zai ci gaba da aiki, to amma rabin birki ne ke saura, feda tana nutsewa kusan ƙasa kafin ta kama, kuma bas ɗin da ta ɗauko fasinja da kaya tana gangarowa daga Hawan Kibo ba ta da sararin da za ta tsaya da rabin birki.

Babban abin da ke kashe fayif shi ne tsatsa, kuma labarinta ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, ko da yake ba a nan take farawa ba. Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa ta Kwatano da Lome da Legas, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, sun yi shekarunsu na farko ne a Turai da Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuma ya riƙa fantsama a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe. Matsalar ta kai ga kamfanin Subaru ya nemi a dawo masa da motoci sama da 660,000 a Amurka a 2014 don duba fayif ɗin birkinsu, a 2015 kuma hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar ta shawarci masu motocin 2007 da waɗanda suka girme su, a jihohin da ake watsa gishiri, da su riƙa wanke ƙasan mota suna duba bututun birki. Irin waɗannan motoci suna iya isowa Kano ko Maraɗi fenti na ƙyalli, alhali tsatsa ta ci rabin kaurin fayif a wuraren da ido ba ya kaiwa, musamman a ƙarƙashin maƙalan da ke riƙe shi da kuma saman tankin fetur. Lakar damina da ke maƙalewa a waɗannan wurare sai ta ɗora daga inda gishiri ya tsaya. Sauran ɓarnar kuwa hannun mutum ne ke yin ta, kamar kafa jak a kan fayif, ko kama notinsa da fulaya a murɗa har bututun ya murɗe tare da shi.

Bututun da masana'antu ke saka wa mota ba bututu ba ne kawai da aka huda tsakiyarsa. Ana ɗaukar siririn fallen ƙarfe da aka shafe da jan ƙarfe, a naɗe shi zagaye biyu, sannan a saka shi a wuta har jan ƙarfen ya narke ya haɗe zagayen biyu su zama bango ɗaya wanda ba shi da ɗinkin da zai tsage, daga baya a rufe bayansa da tutiya ko wata roba mai hana tsatsa. Ana kiransa bututun Bundy, da sunan kamfanin da aka kafa a birnin Detroit a 1922, kuma kaurin bangonsa kimanin milimita 0.7 ne. Faɗinsa a mafi yawan ƙananan motoci milimita 4.75 ne, wato 3/16 na inci, wasu manyan motoci da wasu layukan na'urar ABS, mai hana taya kullewa, kuma suna amfani da milimita 6 ko 6.35. Ƙa'idar a nan gajeriya ce, wato a mayar da faɗin da aka cire, domin noti da mazauninsa an ƙera su ne don wannan faɗin kaɗai.

Madadin da ya fi dacewa da aikin gyara shi ne gaurayen jan ƙarfe da nikel, kashi 90 na farko da kashi 10 na biyu tare da ɗan baƙin ƙarfe, wanda ake sayarwa da sunan Cunifer ko Kunifer, kuma kamfanin Volvo na Suwidin ya fara saka shi a motocinsa tun 1976. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, bakinsa yana buɗuwa da kyau ko da ƙaramin kayan aiki, kuma ƙarfinsa ya isa ya ɗauki matsin birki da rara. Sai dai kamanninsa sun jawo ruɗanin da ya kamata a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa daidai da bututun jan ƙarfe zalla na firji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ake samu a kowace kasuwa da araha. Jan ƙarfe zalla yana da ɗabi'ar taurarewa idan ana girgiza shi a kai a kai, har ya yi gautsi ya tsage, kuma yawanci a bayan noti yake tsagewa, inda girgizar hanya ta fi taruwa. Na firji ja ne sosai, mai nikel kuwa launinsa ya fi haske yana ɗan komawa ruwan azurfa, kuma na gaske yakan zo da rubutun kamfani da na gauraye a jikinsa. Maganaɗisu yana tona asirin bututun ƙarfen da aka shafa wa launin jan ƙarfe ana sayar da shi a matsayin mai nikel, amma ba ya bambanta mai nikel da na firji, tun da duka biyun ba ya kama su. Bututun sanholo da bututun fetur mai bango ɗaya da ɗinkin walda ba su da gurbi a birki ko kaɗan, ƙarfen da ba ya tsatsa kuma, duk da ingancinsa, yana da taurin da ƙananan kayan buɗa baki ba sa iya sarrafa shi yadda ya kamata.

Akwai kuma fayif ɗin Beljiyam da ake cirowa daga motocin da aka yanka, wanda ake samu a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Idan na irin motar ne daidai, bangonsa sumul, bakinsa da notinsa lafiya, ya fi ƙirƙirarren da aka yi da bututun firji nesa ba kusa ba. Amma shi ma daga ƙasar gishiri ya fito, don haka sai an goge shi an duba shi tun daga kai har ƙarshe, kuma wanda aka miƙar aka sake lanƙwasawa don ya dace da wata motar daban ya riga ya raunana.

Inda aka fi samun kuskure shi ne mahaɗi, kuma tushen kuskuren shi ne zaton cewa zaren noti ne ke tare mai. Aikin noti kawai shi ne ya danna bakin fayif a kan mazauninsa da ƙarfi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba tare da roba ko gam a tsakani ba, wannan haɗuwar kuma ita ce ke kulle man. Saboda haka siffar bakin ita ce komai, kuma iri biyu ne aka amince da su a motocin hanya. Na farko shi ne baki mai ninki biyu, inda ake buɗa ƙarshen bututun ya ɗauki siffar mazurari a kusurwar digiri 45, sannan a ninke leɓensa zuwa ciki ya zama bango biyu, kuma mazauninsa yana da ɗan tsini a tsakiya wanda ke shiga cikin mazurarin. Na biyu shi ne baki mai kumburi, inda ake danna ƙarshen bututun ya kumbura ya zagaye, mazauninsa kuma kwarmi ne da kumburin ke zama a ciki. Motocin Japan irin su Toyota da Honda da Nissan galibi na farkon suke amfani da shi, na Turai irin su Peugeot da Volkswagen da Mercedes kuma na biyun, na Amurka kuwa ana samun duka biyun, wani lokaci ma a mota ɗaya. Idan aka saka mazurari a kwarmi, ko kumburi a kan tsini, notin zai shiga kuma zai ɗauru, amma fuskokin biyu a siririn layi kawai za su taɓa juna, sai a yi ta ƙara ɗauri don yoyo ya tsaya har a lalata mazaunin, wanda a cikin masta ko na'urar ABS yake, kayan da kuɗinsu ya ninka na fayif sau da dama. Baki mai falle ɗaya, wanda masu gyaran firji ke yi, shi ne mafi sauƙin yi kuma mafi muni, domin buɗawar tana sirantar da leɓen, noti kuma ya tsaga shi.

Zaren notin ma yana da nasa tarkon. Wanda ya fi yawa a motocin Japan da Turai shi ne mai faɗin milimita 10 da tazarar milimita 1 tsakanin zare da zare, na tsarin inci da ake samu a motocin Amurka kuma faɗinsa 3/8 na inci ne da zare 24 a kowane inci, wato kimanin milimita 9.5 da tazarar milimita 1.06. Ido ba ya ganin wannan bambanci, kuma notin inci yana shiga ramin milimita ya yi ta juyawa kamar nasa ne, alhali bakin zaren kawai yake kamawa, wanda matsi mai ƙarfi ke iya tsige shi. Notin da ya dace yana shiga da yatsu zagaye da dama ba tare da sako-sako ko cijewa ba kafin a ɗora masa sifana, kuma mafi aminci shi ne a tafi kasuwa da tsohon a hannu a gwada faɗi da tsawo da siffar baki.

Mahaɗin da ya fi kowanne jan hankalin mai gaggawa shi ne na masu aikin famfo, wato ɗan gajeren mahaɗin tagulla mai noti biyu da ƙaramin zobe a cikin kowanne, wanda ake zura ƙarshen bututu biyu a ciki a ɗaure, zoben ya matse bututun. Ba ya bukatar buɗa baki, ana gama shi cikin 'yan mintoci, kuma a bututun ruwan gida yana aikinsa lafiya. To amma matsewa kaɗai ke riƙe bututun, babu leɓen da zai tokare shi, zoben tagulla kuma ya fi ƙarfen fayif laushi, don haka ba ya cizonsa yadda ya kamata, idan matsi ya yi yawa sai bututun ya zame ya fita gaba ɗaya, birkin layin ya tafi a taku ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Dalilin ke nan da ya sa littafin ƙa'idojin duba lafiyar motoci na Birtaniya ya fitar da mahaɗi mai zobe daga cikin gyaran da ake karɓa, jihohi da dama a Amurka ma suna kayar da mota a gwaji saboda shi. Idan dole ne a yi ƙari a tsakiyar layi, akwai mahaɗin birki na musamman mai mazauni a kowane gefe, wanda ake buɗa bakin bututun biyu a ɗaure su a ciki da nasu notin, kuma sharaɗinsa shi ne a yanke ruɓaɓɓen sashe har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Duk da haka, fayif ɗin da tsatsa ta huda a wuri ɗaya yawanci ta ci shi a wasu wuraren, kuma canza layin daga noti zuwa noti ya fi hankali.

Sauran dabarun bakin hanya ba su bukatar dogon bayani. Walda tana ƙona rufin bututun, tana raunana ƙarfen da ke gefenta, tana kuma barin gasasshen datti a ciki. Farin tef ɗin masu famfo da gam ba sa gyara bakin da bai zauna ba, illa ma gutsattsarinsu su bi mai su toshe ƙananan kafofin na'urar ABS. Mafi tayar da hankali shi ne kashe ƙafa ɗaya, wato a daddake fayif da guduma ko a toshe shi da ƙusa don mai ya daina zuba, motar ta ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku, wanda ke fizgar ta gefe ɗaya a duk takun gaggawa.

A kusa da kowace taya fayif ɗin ƙarfe yana ƙarewa, tiyon roba ya karɓa, domin taya tana hawa da sauka kuma tana juyawa da sitiyari. Wannan tiyo ba irin na fetur ba ne, saƙar zare mai ƙarfi ce a tsakanin bangayen roba, inji ne kuma ke matse kawunan ƙarfensa a masana'anta. Dokar lafiyar motoci ta Amurka mai lamba 106 ta wajabta masa jure matsin psi 4,000 na tsawon minti 2 ba tare da ya fashe ba, na ƙwarai kuma yakan zo da alamar DOT ko SAE J1401 da lokacin ƙira a jikinsa, tare da layin da ya bi tsawonsa don a gane ko ya murɗe wajen ɗauri. Tiyon fetur da aka ɗaure da kilif ba ya kusantar wannan ƙarfi. Tsohon tiyo yana nuna gajiyarsa ta tsattsagewa ko kumburi idan an taka birki, amma wani lokacin daga ciki yake ruftawa, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai taya ta riƙe ta yi zafi, a yi ta zargin fad. Inda tiyon ke haɗuwa da birkin taya da ƙusar noti mai rami, akwai washa biyu na jan ƙarfe da ke lotsewa su kulle mai, kuma sau ɗaya suke lotsewa da kyau, don haka sababbi ake sakawa a kowace kwancewa.

Kayan kirki ma suna lalacewa a hannun da bai ƙware ba, kuma aikin da aka yi da kyau yana da alamominsa. Gwani yana yanka bututu da mayanki mai faifai, ba da zarto ba, don bakin ya miƙe kuma garin ƙarfe kada ya shiga ciki, sannan ya kankare kaifin ciki da waje, ya zura noti tukuna kafin ya buɗa baki, ya ɗiga wa kan abin buɗawar ɗan man birki, idan ya gama kuma ya ɗaga bakin a haske ya juya shi yana duba ko ya karkace ko ya tsage, in ya ga aibi ya yanke ya sake. Yana lanƙwasa sabon yana kwaikwayon tsohon, ba tare da ya bari ya karye ya matse hanyar mai ba, ya mayar da shi cikin kowane maƙali nesa da salansa da duk abin da ke motsi, domin fayif ɗin da aka bari yana lilo ko yana gugar jikin mota kwanakinsa ƙidayayyu ne. Yana ɗaure noti da sifanar fayif, wadda ke kama kusan dukkan kusurwoyin notin, kuma ɗaurin matsakaici ne, tun da zaman baki ke kulle mai ba ƙarfin damtse ba.

Man da za a zuba yana cikin lissafin. Man birki mai alamar DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205 na Salsiyos ko sama idan sabo ne, DOT 4 kuma a 230, amma dukansu suna shan danshin iska, wanda ke sauko da su zuwa wajen 140 da 155, ya kuma ci fayif da tsatsa daga ciki, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2 kuma daga rufaffiyar kwalba. Baƙin mai da man giya suna kumbura robobin birki su lalata su, ruwan sabulu kuwa yana tafasa tun kafin birki ya yi zafin kirki. Bayan an fitar da iska daga dukkan layukan, sai a kunna mota a taka feda iya ƙarfi a riƙe ta kamar minti ɗaya, wani kuma yana ƙasa da tsumma busasshe yana shafa kowane mahaɗi, idan feda ta nutse a hankali ko tsumman ya jiƙe, aikin bai ƙare ba.

Jami'in da ke tsaye a bakin titi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin mota, fasinja ma ba ya gani, don haka nauyin ya rataya ne a wuyan mai gareji da mai mota. Sau da yawa ba mugunta ce ke sa bakanike yin dabara ba, rashin kayan buɗa baki ne da kuma matsin mai motar da ke son a sallame shi yanzu da kuɗi kaɗan, alhali bututun kirki da noti biyu suna cikin kayan mota mafi araha. Ya kamata kowane garejin da ke taɓa birki ya mallaki kayan buɗa baki na iri biyun, ya kuma koya wa yaransa bambancinsu, shugabannin tashoshi kuma su riƙa sa a leƙa ƙasan motocin da ke lodi a hannunsu. Mai motar da aka yi wa gyaran birki kuwa ya nemi a nuna masa tsohon fayif da sabon kafin a ɗaura, ya tambayi irin bututun, ya duƙa ya ga mahaɗin da idonsa, idan kuma ya tarar da mahaɗi mai zobe, ko bututun firji, ko walda, ko layin da aka toshe, to kada motar ta ɗauki kowa sai an canza shi.